Bayan An Share Makoki: Tarika, Bashi Da Rabon Gado A Ƙasar Hausa

Duk wanda ya saba halartar jana'iza a garuruwanmu ya san wata 'yar sanarwa da akan yi bayan an sallaci mamaci, ko kuwa a bakin kabari sa'ad da aka gama mai da ƙasa aka yayyafa ruwa, inda wani dattijo daga cikin dangi zai ɗaga murya ya ce duk mai bin marigayi bashi, ko wanda marigayi yake bi, ya zo ya ga wane ɗansa ko wane ƙaninsa. Jama'a su amsa da Allah ya ji ƙansa, ya sa ya huta, kowa ya karkaɗe rigarsa ya nufi gida. Saboda yawan jin waɗannan kalmomi har sun zama kamar wani yanki na addu'a, ba mai tsayawa ya auna nauyinsu, alhali kuwa a cikinsu ne wahalar rabon gado take kwance. Mutane sukan zaci abin da ke raba kan 'yan'uwa shi ne lissafin fara'ili, wato wane ya sami nusufi, wance ta sami tumuni. Ni dai abin da na gani da idona ya saɓa wa haka. Lissafin an gama shi tun ƙarni goma sha huɗu da suka wuce, ayoyi uku na Suratun Nisa'i sun ɗauke mafi yawansa. Abin da ba a gama ba, wanda kuma kowane gida sai ya yi nasa daga farko, shi ne sanin mene ne na mamacin, mene ne na wani a hannunsa, mene ne nasa a hannun wani.

Shekaru goma sha da suka wuce aka kira ni in riƙe alƙalami a wajen rabon gadon wani aminin mahaifina, mai sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, wanda ya rasu ya bar mata biyu, da mahaifiyarsa tsohuwa tukuf, da 'ya'ya maza biyu, mata uku. Aka shimfiɗa tabarmi a zaure kwana biyu bayan sadakar arba'in, aka ɗauko wani malami na unguwa wanda ya sha Risala da Askari da Muhtasar tun yana saurayi, matan gida kuma suka zauna daga bayan labule, kowace da waliyyinta a cikin zauren. Malam ya tambayi magada, na rubuta. Kafin shayin da aka zuba masa ya huce ya riga ya fitar da mas'ala: asalinta 24, matan aure suna da uku su biyun, uwa tana da huɗu, sauran goma sha bakwai na 'ya'ya ne, namiji ya ɗauki rabon mace biyu, da yake kuwa uku ba ta rabuwa ga mutum biyu, goma sha bakwai ma ba ta rabuwa gida bakwai, sai ya gyara ta ta koma 336, kowace mata 21, uwa 56, kowane ɗa 68, kowace 'ya 34. Ya miƙo mini takardar ya ce in tara in gani. Na tara, ba ragi ba ƙari. Sa'an nan ya gyara zama ya ce, "To, yanzu ku faɗa mini abin da za a raba." Wannan tambaya ita ta ci mana wata huɗu.

Wan uwargida ne ya fara magana. Ya ce, "Allah gafarta Malam, 'yar'uwata ta ce shanun nan huɗu da ke ruga, biyu nata ne, da kuɗin adashinta ta ba Alhaji ya sayo mata, haka ma keken ɗinki da firjin da ke ɗakinta." Babban ɗa ya ce gidan da ke Rijiyar Lemo Baba ya ba shi tun yana da rai, kowa ya sani. Ƙanin marigayi kuwa, wanda ya shekara talatin yana buɗe shago da safe yana rufewa da magariba, ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya bai taɓa ce mini ni yaronsa ne ba, bai kuma taɓa ce mini ni abokin tarayyarsa ne ba. Tare muka tashi, tukunya ɗaya muke ci." Babu maƙaryaci ko ɗaya a cikinsu, iyakar sanina. Kowa ya faɗi abin da ya fahimta daga bakin mutumin da yanzu ba ya iya tashi ya ce haka ne ko ba haka ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma mai cibin ya riga ya tafi.

Na ga yadda fiƙihu yake aiki a irin wannan wuri, ba da hayaniya ba. Game da keke da firji, Malam ya ce ƙa'idar Malikiyya ita ce kayan ɗaki da aka saba gani a hannun mata na matar ne in ta rantse, wanda aka saba gani a hannun maza kuma na mijin ne, sai in wata bayyina ta nuna akasin haka. Shanu sai aka aika wa Bafulatanin da ke kiwonsu, ya zo ya nuna biyu ya ce waɗannan tun ranar da aka kawo su Alhaji ya ce masa na Hajiya ne. Da aka zo kan gida sai Malam ya dubi saurayin ya ce, "Ɗana, ka shiga gidan? An ba ka mabuɗi? Wa yake karɓar haya?" Ya ce Baba ne yake karɓa har watan da ya kwanta. Malam ya ce, "To, sai haƙuri. Kyauta ba ta cika sai da hauzi." Ma'ana, wanda aka yi wa kyauta dole ne ya karɓe ta ta shiga hannunsa kafin mai bayarwa ya rasu, ko ya kwanta cutar ajali, ko ya tsiyace; in ba haka ba ta koma cikin tarika, wato dukiyar da mamaci ya bari, kowa ya ci rabonsa. Yaron ya yi shiru, idonsa ya kawo ruwa, ban kuwa zaci kuɗin gidan ne ya sa shi ƙwalla ba, sai dai ganin maganar da ubansa ya yi masa su biyu ta tashi a banza a gaban jama'a.

Malamanmu sun jera haƙƙoƙin da suka rataya a kan tarika, kuma gado shi ne na ƙarshensu. Ana fara da abin da ya rataya a kan ainihin wani kaya, kamar gonar da ke hannun jingina, sai tajhizi, wato likkafani da haƙar kabari gwargwadon al'ada, ba ɓarna ba ƙwauro, sai bashi, sai wasiyya daga cikin sulusin abin da ya saura, abin da ya rage bayan wannan shi ne na magada. A nan ya kamata a lura da cewa shinkafa da naman da ake dafa wa masu zaman makoki, da sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, ko mene ne hukuncinsu a tsakanin masu yi da masu hanawa, ba sa cikin tajhizi. In manyan magada sun ga dama su yi daga aljihunsu. Amma a yanka sa daga garken da maraya ɗan shekara biyar yake da rabo a ciki, a ciyar da attajiran gari, a kuma kira wannan sadaka, abu ne da ban taɓa jin malamin kirki ya halatta ba.

Bashi kuwa hanji ne, yana cikin kowa, kuma shi ne abin da magabata suka fi jin tsoro. An ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya dakata daga sallatar wani mamaci saboda bashin da ke kansa, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu ta sauka. Mu kuwa mun mai da rubutu alamar rashin yarda, har mutum yana jin kunyar ya ce wa amininsa a sa hannu. Sakamakon haka shi ne mai bin mamaci bashi, ko da ya kawo shaidu, shari'a ba ta sallamarsa sai ya ƙara da rantsuwar da ake kira yaminul ƙala'i, cewa bai karɓa ba, bai yafe ba, bai kuma mai da bashin kan wani ba, domin wanda zai musa masa yana ƙarƙashin ƙasa. Akwai kuma bashin da ba mai zuwa zaure ya nema, irin ragowar sadakin da aka ce ajalan aka manta, da jarin da mace ta ba mijinta ranar da kasuwa ta juya masa baya. Sau da yawa matar takan yi kawaici, tana cikin takabarta ta wata huɗu da kwana goma, ta ga bai dace a ji bakinta a kan kuɗi ba. Kafin ta fita an gama komai, an miƙa mata tumunin takaba kaɗai, bashinta ya bi ruwa.

Labarin Zubairu ɗan Awwamu, wanda Buhari ya kawo, ya isa abin nazari a wannan babi. Mutum ne da jama'a ke kawo wa ajiya, shi kuwa sai ya ce a mai da ita rance a kansa, don kada ta salwanta mai ita ya yi hasara. Ranar Yaƙin Raƙumi, a shekara ta 36 bayan Hijira, ya kira ɗansa Abdullahi ya yi masa wasiyya da biyan bashinsa. Da aka lissafa sai aka tarar da miliyan biyu da dubu ɗari biyu, ga shi kuwa bai bar tsabar kuɗi ba sai filaye da gidaje a Madina da Basra da Kufa da Masar. Abdullahi ya sayar da filin Gaba, wanda uban ya saya dubu 170, a kan miliyan ɗaya da dubu ɗari shida, ya biya mutane. Da 'yan'uwansa suka ce a raba musu abin da ya saura sai ya ƙi, ya shekara huɗu yana shela a lokacin aikin Hajji cewa duk mai bin Zubairu ya zo, sa'an nan ya raba. Wannan jinkiri ne na mai tsoron haƙƙi, wanda ya san iyakar ranar da zai ƙare.

Namu jinkirin wani iri ne dabam. Uba ya rasu, a ce kada a raba gida don kada zumunci ya watse, babban wa ya ci gaba da riƙo. A shekara goma ɗaya daga cikin magada ya rasu ya bar nasa mata da 'ya'ya, a shekara ashirin wata 'ya ta rasu a gidan aurenta, mijinta da 'ya'yanta su shigo cikin lissafi, har gidan da mutum bakwai suka gada ya wayi gari da masu haƙƙi sittin, waɗansu ba su ma san hanyar unguwar ba. Wannan ita ce mas'alar da malaman fara'ili ke kira munasaha, gado a cikin gado, kuma duk wanda ya zaga tsofaffin unguwannin Kano ko Zariya ko Katsina ya ga irin gidajen da ta cinye: soro ya rufta, azara a waje, ba mai gyarawa domin ba na kowa ba ne, ba mai sayarwa domin na kowa ne. Shari'a ta san wannan hali namu na kawaici tsakanin dangi, shi ya sa hauzin da ke kashe da'awar bare bayan shekara goma aka tsawaita shi ya kai arba'in tsakanin 'yan'uwa. Amma kafin arba'in ɗin shaidu sun mutu, kuma 'yan ubanci ya riga ya yi jijiya. A karkara ma haka abin yake. Baturiyar nan Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina ta fitar da littafinta a 1972, ta lura cewa gandu ba ya cika daɗewa tsakanin 'yan'uwa bayan uba ya kau. Wanda ya fi cutuwa a cikin wannan riƙon gama-gari kuwa mace ce, wadda akan ce wa ai gona ba ta mace ba ce, a ba ta ɗan kwanon hatsi da kaka a ce an kyauta mata, alhali rabonta farilla ne ba alfarma ba.

Wuri biyu ne na san shari'a da kanta take tsayar da rabo. Ɗaya in mamaci ya bar mace da ciki, a Malikiyya a dakata har ta sauka. Na biyu mafƙudi, wanda ya ɓace ba a san rayuwarsa ko mutuwarsa ba. Ba a raba dukiyarsa sai ya kai shekarun da sa'o'insa ba su cika wucewa ba, waɗanda mashhurin zance ya ƙaddara da 70. Da can wannan babi ne na fatake da mahajjatan ƙasa da suka yi gabas ba su komo ba. Yau ga shi ya dawo mana sabo a Borno da Zamfara da Katsina, a gidajen da aka ɗauke maigida ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Hannun hukuma a cikin tarika tsohon al'amari ne a ƙasar nan. Daga cikin abubuwan da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zargi sarakunan Haɓe da su a Kitabul Farƙ akwai ƙwace dukiyar wanda ya mutu a ƙasarsu da sunan gado. A zamanin En'e alƙali shi ke rabo, da muhutinsa a gefe yana rubutu, a cire ushira, kashi ɗaya cikin goma, abin da ya sa talakawa da yawa suka koyi ɓoye rabin dukiya kafin ɗan aiken alƙali ya iso. A 1960 aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Arewa, kuma har gobe sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya sanya gado da wasiyya da kyauta da waƙafi na Musulmi a cikin hurumin irin waɗannan kotuna. Sai dai dokar Ingila ba ta tafi tare da Turawa ba. Wani Bayarabe Musulmi mazaunin Zariya ya rubuta wasiyya bisa dokar wasiyya ta Ingila ta 1837, ya fifita waɗansu 'ya'yansa a kan wani. Mai Shari'a Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya, ya hukunta cewa Musulmi ba shi da ikon ƙetare haddin Malikiyya, amma a 1971 Kotun Ƙoli ta rushe hukuncinsa ta tabbatar da wasiyyar. Wannan shari'a, ta Adesubokan da Yinusa, ta daɗe tana ci wa malamai tuwo a ƙwarya, har jihohi irin su Kwara da Kaduna suka yi nasu dokokin wasiyya da suka keɓe wanda shari'ar Musulunci ke hukunta shi. A 2007 kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Ilori ta soke wasiyyar wani Musulmi bisa dokar Kwara. 'Yan'uwanmu na zango a Gana nasu ya fi namu sarƙaƙiya, domin doka ta 111 ta 1985 ta shimfiɗa rabo iri ɗaya ga duk wanda ya mutu bai bar wasiyya ba, ko mene ne addininsa.

Wasiyya a wurinmu ba ta raba gado, domin ba a yin ta ga magaji, ba ta kuma wuce sulusi sai da yardar magada, kamar yadda aka iyakance wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas sa'ad da ya kwanta ciwo a Makka yana da 'ya ɗaya tak. To, amma wannan sulusin ƙofa ce ta rahama wadda muka bari ta yi tsatsa. Jikan da ubansa ya riga kakansa mutuwa ba ya gado in akwai baffanninsa, sun shamakance shi. Masar ta magance wannan a 1946 da dokar wasiyya wajiba. Mu ba mu da irinta, amma ba abin da ya hana kaka ya kira shaidu biyu ya yi wa marayun ɗansa wasiyya, ko agolan da ya tashi a gidansa, ko yaron shagon da ya ƙare ƙuruciyarsa yana yi masa bauta. Abin da ke hana mu ɗaya ne, camfin cewa mai rubuta wasiyya yana kiran ajalinsa, alhali hadisin Ibnu Umar ya hori mai abin yin wasiyya kada ya kwana biyu ba tare da ita a rubuce ba.

Zamani kuma ya ƙaro nasa. Sunan da mutum ya rubuta a takardar banki a matsayin makusancinsa ba ya mai da wannan mutum mai dukiya. Wanda za a tuntuɓa ne kawai, ko da yake na ga gidan da ɗa ya kwashe kuɗi yana cewa ai sunana Baba ya sa. Banki ba ya sakin ajiyar mamaci, haka ma masu riƙon kuɗin fansho, sai an kawo takardar shaidar mutuwa da takardar izinin kula da tarika, wadda akan nema a ofishin rajistar gado na Babbar Kotun jiha, a biya wani kaso na dukiyar. A rabon da nake ba da labari na yi sawu bakwai zuwa wani banki, kullum da sabuwar takardar da ba a ambata jiya ba. Wayar marigayi ma tana nan a kulle da lambar sirri, da sunayen masu bashi a cikinta, muna kallonta tana kallonmu.

Maganar shago sulhu ne ya kashe ta. Aka kira dillalai uku suka yi wa kaya ƙima, tsohuwa ta aiko daga ɗaki cewa in ana son albarkarta kada a tozarta autanta, manyan 'ya'ya suka yarda a bar masa sulusin jari daga rabonsu su kaɗai, ban da na ƙaramar da ba ta balaga ba, wadda Malam ya ce ba mai ikon yin kyauta da ko sisinta. Saura abu ɗaya. A ƙasan akwatin ƙarfe, ƙarƙashin takardun filaye, muka sami wani ƙullin farin ƙyalle da kuɗi a ciki, da 'yar takarda da ajami a hannun marigayi: amanar wani mutumin Damagaram, suna ɗaya ba sunan uba, ba kwanan wata. Aka yi cigiya a kasuwa, aka aika da saƙo ta bakin direbobin da ke bin hanyar Daura, ba wanda ya zo. Malam ya ce wannan ba tarika ba ce, kada a taɓa. Ƙanin marigayi ya karɓi riƙonta. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, na gamu da shi a layin banki cikin rana, ya tsufa, da ƙullin a aljihun 'yar cikinsa. Ya ce mini da zarar sababbin takardu sun samu zai ciro daidai adadin ya mayar cikin ƙyallen, da takardar Yaya a sama yadda ya same ta.